Jaririn Zango Ma Ɗan Ƙasa Ne

Yau maganarmu a kan jarirai take, watau 'ya'yan mutanenmu da ake haifa a zangon Kumasi da Tamale da sauran garuruwan Gana inda fatauci ya kai iyayensu. Tun zamanin da kakanninmu ke bin hanyar Gwanja da jakuna suna ɗauko goro muke da dangi a can. Har yau da wuya a sami kasuwa a ƙasar nan da ba ta da ɗa ko ƙane a can yana sayar da albasa ko shanu. Suna aure, suna haihuwa. To, ɗan da aka haifa ɗin, na wace ƙasa ne?

Doka ta riga ta amsa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 25, ya ce duk wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne tun ran da ya faɗo. A lura, ɗaya aka ce, uba ko uwa. Ita kuwa dokar Gana ba ta ba yaro ƙasa don kawai an binne cibiyarsa a can, sai in yana da mahaifi ko kaka ɗan Gana. Saboda haka jaririn da iyayensa duka namu ne ba shi da wata ƙasa sai tamu. Shaidar da zai nuna a bakin iyaka kuwa ita ce fasfo.

A nan gizo ke saƙar. Uba zai kawo takardar haihuwar yaro, da takardar yardar iyaye, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN wadda shi jaririn ma sai an yi masa tasa, sa'an nan da fasfon uba ko na uwa. Mutumin da ya bi motar albasa ya tafi shekara goma sha biyar da suka wuce, ina ya ga fasfo? Sai ya fara neman nasa tukuna. Nan za a tambaye shi takardar ƙaramar hukumar da ya fito. Watau don a tabbatar da jaririn Kumasi, sai an aika Bici ko Illela a nemo sa hannu. Bayan wannan a ɗauki mai jego da ɗanyen goyo a hau mota zuwa Ankara, babban birnin Gana, inda ofishin jakadancinmu yake, domin sai an ɗauki hoton yaro. Daga Kumasi wajen kilomita 250 ne. Daga Tamale ya fi ninki biyun haka. Kuɗin mota, kuɗin masauki, ga rumfa a rufe.

Sai kuɗin fasfon kansa. Na mazauna waje, mai shafi 32 wanda ke aiki shekara biyar, dala 150 ne bisa ga sanarwar 2025. A gida ma an ɗaga shi daga naira 50,000 zuwa 100,000 ran 1 ga Satumba na shekarar. Albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta yanka a 2024 naira 70,000 ne. Ku auna da kanku: a canjin 2025 dala 150 ta haura albashin lebura na wata biyu, a kan yaron da ko zama bai fara ba. Kuma farashin likitan da ke Ingila shi ne na mai tura kura a Kumasi. Wai wannan shi ne adalci?

Mun san abin da manya za su ce. Za su ce in an sassauta, baƙi za su sayi ƙasarmu da arha. Ba mu ce kada a bincika ba, a bincika mana! Amma mai kuɗin sayen takardar ƙarya dala 150 ba ta tsare shi. Wanda take tsarewa shi ne mai gaskiya marar hali. Za su kuma ce ai akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ana shiga ana fita ba biza. Haka ne, amma kwana 90 ta ba baƙo, kuma da sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya. Ba ta mai da kowa ɗan ƙasa ba.

Wanda ya ce takarda ba kome ba ce, ya tambayi tsofaffi labarin 1969. Ran 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutane suka karyar da gidaje da rumfuna, aka cika manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can ba su taɓa ganin Nijeriya ba. Kada mu yi ta zargin maƙwabta, mu ma mun yi wa nasu haka a 1983. Ko a 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka shiga kwaso mutanenmu, takarda aka riƙa tambaya a kan iyaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa ba a damu ba? A ganinmu dalili ɗaya ne: mazaunin waje ba ya jefa ƙuri'a. Kuɗin da 'yan Nijeriya suka aiko gida a 2023 ya kusa dala biliyan 20, ana karɓa ana godiya, amma ran zaɓe ba a ƙirga da su, don haka kukansu ba ya isa majalisa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Fasfon farko na yaron da bai kai shekara biyar ba a rage kuɗinsa ƙwarai, ko a yafe. Akawu biyu da na'urar ɗaukar hoto su riƙa zagaya zango-zango ko sau biyu a shekara, ya fi a ce mata ɗari su yi ta jigila da goyo. A kuma rubuta abin da ake bukata da kuɗinsa da Hausa a manna a ƙofa, don 'yan kamasho su rasa abin ci.

Kafin a yi wannan, ku aika wa danginku na can. Da an yi suna a je a yi rajistar haihuwa, kada a bari shekara ta zagayo. A dubi yadda akawu ya rubuta sunan uba: in Muhammadu ne a fasfo, kada ya zama Mamman a takardar yaro, domin harafi ɗaya kan mai da mutum gida hannu banza. Matar da ta auri ɗan wata ƙasa kuma ta sani takardarta ita kaɗai ta isa ta ba ɗanta ƙasa. In wani ya ce mata sai da na uba, ta ce ya buɗe sashe na 25 ya karanta mata.