Dokar Hana Cin Zarafi: Ina Aka Kwana a Wurno, Rabah da Goronyo?

A shekarar 2021 ne gwamnan Jihar Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya rattaba hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fara kafa irinta a matakin tarayya a 2015, kuma dukan matar aure na cikin laifukan da ta tanadi hukunci a kansu. Tun a 2020 kuma aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato domin kula da waɗanda aka zalunta.

Sai dai cibiyar a birni take, matar da ke ƙauyen Goronyo kuwa ko kuɗin mota sai ta roƙi wanda ya doke ta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko cin mutunci, ko tilastawa daga mazajensu. Fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, waɗanda suka nema kuwa akasarinsu gidan iyaye suka nufa. A can ne ake cewa, "Yi haƙuri, ki koma ɗakinki," ba tare da an kira mijin an ja masa kunne ba.

Saboda haka rigakafi sai ya fara daga zaure. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan shirin SASA! a birnin Kampala na Yuganda ya gano cewa dukan mata ya ragu da kusan rabi a unguwannin da aka horar da mutanen gari, maza da mata, su riƙa tattauna batun da maƙwabtansu. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin da jajis ɗin 'Yan Taru ne Nana Asma'u ta kai ilimi ga matan karkara.

Abin da ya rage ga ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo shi ne su haɗa hakimai, dagatai, limamai da ungozoma a yi musu bayanin dokar da Hausa, tare da tunatar da su cewa a mazhabar Malikiyya alƙali na da ikon raba aure saboda cutarwa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa rubuta raunin da suka gani, domin kotu da shaida take aiki. Kada kuma a manta da iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, inda mace ta yi nisa da danginta, ba ta da ma gidan da za ta yi yaji.