Makullin Kwamfuta A Hannun Na Nesa

Akwai wata al'ada da ta fara kama ƙasa a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal. Mutum yana Agege ko Sabo, amma kwamfutar shagonsa tana Kantin Kwari, ko ta tsohonsa tana gida a Funtuwa. Sai ya sa a ɗora mata manhajar TeamViewer ko AnyDesk, yana nan zaune yana ganin fuskarta, yana buɗe abin da ya ga dama kamar yana gabanta.

Hanyar shigar iri biyu ce. A ta farko dole na can ya kasance a wurin, ya karanto lamba ko ya danna alamar yarda, kuma idonsa na kan abin da ake yi. A ta biyu kuwa, akan kafa kalmar sirri ta dindindin, manhajar ta riƙa tashi tare da kwamfutar, ta yadda mai kalmar zai shiga ko da tsakar dare ba tare da sallama ba. A kan wannan ta biyun muke son jan hankalin jama'a.

Ba mu musun amfaninta. Ɗan kasuwar da zai duba lissafin shagonsa ba sai ya kwana a mota ba, ya huta. Haka wanda mahaifinsa ba ya gane inda zai danna. Amma fa wannan makullin ɗaki ne, kuma a ɗakin akwai wasiƙu da hotunan iyali da ƙofar asusun banki.

Saboda haka a ganinmu sharaɗi na farko shi ne mai kwamfuta ya sani, ya kuma yarda. Kada ɗa ya ce ai Baba ba zai gane ba. A zaunar da shi a yi masa bayani da Hausa, a nuna masa yadda zai rufe in ya so. Wanda kuwa ya ɗora wa matarsa ko abokin cinikinsa a ɓoye don leƙen asiri, ya ci amana, ko me ya kira abin. Kuma tun 2015 Nijeriya take da dokar laifuffukan intanet wadda ta tanadi hukunci a kan shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

Inda aka fi sakaci shi ne wajen masu gyara. Mutum ya kai kwamfuta gyara, yaron shago ya ɗora manhajar da kalmar da shi ya zaɓa, wai don ya taimaka in ta sake tsayawa. Shekara ta zagayo, yaron ya bar wurin, kalmar tana nan a kansa. Galibinsu mutanen kirki ne, amma wa ke barin makulli a hannun kafinta bayan ya gama sa ƙyaure?

Su kansu kamfanonin ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2024 AnyDesk, wanda ke Jamus, ya ba da sanarwar an kutsa cikin na'urorinsa, har ya soke kalmomin sirrin shafinsa. A watan Yuni na shekarar TeamViewer ma ya ce an shiga na'urorin ofishinsa.

Wanda ya zama dole ya kafa, to ya zaɓi doguwar kalma wadda ba ya amfani da ita ko'ina, ba ranar haihuwa ko lambar waya ba. Ya kunna tabbaci na biyu da ke neman lamba daga wayarsa, ya kuma rubuta a cikin manhajar na'urorin da kaɗai aka yarje wa shiga. In wani ya bugo wa tsoho waya ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar AnyDesk, a kashe wayar nan take. Ranar da aka sallami yaron shago kuwa, a canza kalmar kafin ya kai tasha.