DA WANE HARSHE AKA YI MANA BAYANIN KORONA?

'Yan uwa makiyaya da fataken shanu, har yau muna jin wasu 'yan boko suna cewa wai lokacin korona mu ne jahilan da suka bi jita-jita. To, bari mu ba su amsa.

Ran 19 ga watan Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. A cikin kwanakin nan aka rufe iyakoki, daga baya masallatai. Tsakar bazara ce, garkuna da yawa suna kudu, ba hanyar dawowa. Mai tsoro ba ya zama shiru, tambaya yake yi. Mu kuwa tambayoyinmu a fili suke: ciwon nan yana kama shanu? Yana bin nono? Kasuwa za ta ci, ko mu juya da dabbobi?

Me aka ce mana? "Ku zauna gida, ku wanke hannu da sabulu." Wane gida, ga wanda bukkarsa ke bayan jaki? Wane ruwa, ga wanda ke kwana bakin rijiya yana jiran layi? Sauran bayanin kuma, yawancinsa da Faransanci aka zuba shi a talabijin. Fulfulde da Tamashek sai ɗan abin da ya samu.

Da amsa ba ta zo ba, kowa ya nemi wadda ke kusa: saƙon murya a WhatsApp, hirar tasha, mai maganin kasuwa. Wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce ciwon masu hawa jirgi ne. Kuma yawan saurare bai rage fargaba ba, ƙara ta ya yi. Alhali gaskiyar gajera ce: daga numfashin mutum take zuwa ga mutum, ba ta nono ba, kuma tsofaffi ta fi kayarwa.

Kada a ce ba mu jin magana. Ciwon bushiya da ya cinye garkunan kakanninmu, da wa aka kashe shi har aka yi shelar ƙarewarsa a duniya a 2011? Da mu, domin malaman dabbobi sun tako har mashaya, mun kuma kawo shanu allura.

Saboda haka muna neman hukumomin lafiya su zauna da arɗo-arɗo da shugabannin kasuwannin dabbobi da gidajen rediyon karkara tun yanzu, a san wanda zai kai labari kowane mashekari, da harshen da zai kai shi.