Kan Dillali Shi Ne Littafin Kasuwa

A wannan fitowa muna so mu ja hankalin jama'armu a kan hular kwano ta masu hawa babur, domin maganar ta shafe mu fiye da yadda da yawa suke zato.

Kowa ya san yadda sana'ar nan ta sauya. Iyayenmu da ƙafa da jaki suke bin hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, su yada zango a Djougou, wadda muke kira Zugu. Yau babur ne jakinmu. Da shi yaranmu suke shiga ruga neman dabba, da shi muke zuwa kara a Tourou ko Kolokondé, da zem muke shiga Arzèkè mu karɓo kuɗin mahauta. Daga Parakou zuwa Djougou ya haura kilomita 130, kuma gab da Layya akwai yaron da zai yi tafiyar nan sau biyu a rana, ga gajiya, ga ƙura, ga manyan motoci, ga shanun da kan tsallaka titi babu sallama.

Doka kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1972, ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, aka wajabta sa hular kwano, amma aka bar ta a takarda. A 2014 aka matsa wa masu tuƙi a Kwatano, sannan daga 1 ga Maris 2024 'yan sanda suka fara kamen mai tuƙi da wanda aka goya a duk faɗin ƙasa. Tun daga lokacin huluna suka cika gari. To, sai dai ku tsaya bakin titi ku duba da kyau. Wani ya rataya ta a hannun babur, sai ya hango shinge ya kifa. Wani ya ɗora ta a kan hular zanna, igiya tana reto. Wani ma hular magina ya samo. Abin ya yi kama da na Nijeriya a Janairun 2009, lokacin da aka tilasta sa hular, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Mai yin haka ya tsere wa tara, amma ranar da ya faɗi kwalta ba za ta karɓi wannan wayo ba.

Likitoci sun yi bayanin abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugi ƙasa, ƙashi ya tsaya cak, ita kuwa sai ta ci gaba ta daki bangon ƙoƙon daga ciki. Hula ta gaskiya hawa biyu gare ta: ɓawo mai tauri da ke baza bugun, da farin soso mai kauri a ciki wanda ke lotsewa ya shanye ƙarfinsa kafin ya isa kai. In ba a ɗaure igiyar haɓa ba, hular ce ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100, kuma hanya tana cin rayukan mutane kusan miliyan 1.19 kowace shekara a duniya.

Yanzu mu zo ga namu. Cinikin shanu a ka yake zaune. Dillali ne ya san wanda ya ba da kafin alƙalami, da mahaucin da ya ɗauki sa uku zai biya bayan sati biyu, da Bafulatanin da ya bar kuɗinsa ajiya, da wanda ya tsaya shaida. Yawancin wannan babu takarda. Wanda ya karye a ƙafa yana kwance ana zuwa ana tambayarsa, lissafi yana fita. Amma wanda ya bugu a ka, ko Allah Ya sa ya tashi, sau da yawa mantuwa ta shige shi, magana ta sarƙe, hali ya sauya. Nan rigima ke tashi: mai bin bashi ya ce goma, wanda ake bi ya ce bakwai, zumuncin shekara talatin ya lalace, iyali su rasa mai nema su kuma gaji shari'a. Ga kuɗin hoton kai da na aiki a babban asibitin Parakou, wanda kan sa a sayar da dabbar da ba a yi niyya ba.

Mun san hujjojin da ake kawowa. Wasu sun ce zafi, kuma gaskiya ne, a watan Maris ba daɗi. Wasu suna ƙyamar hular ɗan zem da kowa ke sawa, maganin wannan kowa ya mallaki tasa. Dattawa kuma suna jin nauyin cire rawani su kifa kwano. Sai mu tuna musu 'yan lifidin Kano da Katsina, waɗanda har yau da kwalkwali suke fitowa hawan salla, babu wanda ya ce girmansu ya zube. Masu cewa ajali ba ya wuce ranarsa kuwa, mun yarda, amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya sa sulke da kwalkwali ranar Uhudu, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Mu da muke kai shanu allurar rigakafi kowace shekara, ai mun san riƙon sababi.

Don haka muna ba ƙungiya shawara kamar haka. Duk maigidan da ya ba yaro babur ya ba shi hula biyu, tasa da ta wanda zai goya, a lissafa su cikin kuɗin babur. A sayi mai soso mai kauri, wadda ta kama kai ba ta juyawa. Masu bin ƙa'idar Turai suna da alamar E cikin da'ira a jikin igiya. Araha ba ta ado. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a canja ta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson ya riga ya mutu. Sarkin kara da mataimakansa su riƙa yi wa wanda ya shigo kai ba hula magana, kamar yadda suke yi wa mai kawo dabbar da ba a san asalinta ba.

Abu na ƙarshe, in mutum ya faɗi ya bugi kai, kada a ce ai ya tashi ya kakkaɓe riga. Jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai, mutum yana hira, bayan 'yan sa'o'i ya sulale. In an ga amai, ko yawan barci, ko ruɗewa, ko jini ta kunne ko hanci, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya wajen mai ɗori.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin. Wassalam.