A Rubuta Sunayen Mazan Jiyan Yaƙin Hitila

Duk ranar 4 ga Mayu, da ƙarfe takwas na dare, mutanen Holan kan yi tsit na minti biyu don tuna waɗanda yaƙi ya ci. Har da baƙi a ciki: samarin sojan saman Ingila da ke tasowa daga sansanin Tempsford cikin duhu, suna jefa wa 'yan gwagwarmayar ƙasar makamai da rediyo ta laima. A 1942 da 1943 Jamusawa sun gano sirrin, suka riƙa yi wa jiragen kwanton ɓauna. An binne da yawa a maƙabartun ƙauyuka, kuma har gobe mutanen gari na share kaburburan.

Ƙasar Kano ma yaƙin bai tsallake ta ba. Daga Satumba 1940, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi sun riƙa sauka Kano, su wuce Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Dubbai ne suka bi wannan hanya, wasu suka faɗi a daji ba su kai ba.

Da yawa daga cikin namu sojojin kuwa ƙasar Bama aka kai su. A 1944 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ke da ɗimbin 'yan Arewa, ta kutsa kwarin Kaladan inda ba hanyar mota. Abincinta da harsashinta daga sama ake jefowa, sauran aikin kuma sai 'yan dako, kaya a ka, cikin ƙungurmin daji. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bango a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Wa zai je can daga ƙauyukanmu?

Ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebi yawancin mutanen nan, don haka labarinsu yana cikin gidaje: wata tsohuwa da ta san ƙanen ubanta ya tafi bai dawo ba, wata lambar girma a ƙasan adaka. Bikin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu a Abuja ba zai tono wannan ba.

Musulmi ba ya bukatar furanni a kabari, amma yana bukatar a ambaci sunansa a yi masa addu'a. Masarautar Rano da ƙaramar hukumar Kibiya su sa masu unguwanni da malaman makaranta su bi gida-gida, tun dattawan da suka ji daga bakin mazan jiya suna raye, a rubuta sunayen a ajiye.