Wai Ai Akwai Shi a Waya

Ranar Asabar da ta wuce saura ƙiris in mari ɗan ƙanena a gaban baƙo, kuma har yanzu zuciyata ba ta gama sauka ba. Masu bin wannan fili sun san ba ni da saurin hannu, bakina ne dai ba shi da linzami.

Wani dattijo ne, almajirin marigayi mahaifinmu, ya zo mana gaisuwa a Funtuwa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, shekara uku ke nan rabonsa da kwana a ɗakinsa. Hira ta gangaro kan daren da ɓarayin daji suka tashe su. Ya lissafa shanun huɗa, rumbunan dawa da masara, babur ɗin ɗansa, duk yana faɗa kamar dukiyar wani yake ƙirgawa. Da ya zo kan Alƙur'anin mahaifinsa sai murya ta sarƙe. Rubutun hannu ne, a cikin gafaka, rataye a bangon zaure, wuta ta haɗa da shi. Sai yaron nan namu, ɗan jami'a, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne, akwai shi a waya, har da ruwayar Warshu. Kawo wayarka in tura maka." Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Allah shi yi maka albarka, yaro. Alƙur'ani yana kaina tun ban yi gemu ba. Hannun babana nake nema."

Yaron bai gane ba, kuma rashin ganewar tasa ce ta fi maganar ƙona mini rai.

Wanda bai taɓa zama kusa da alaramma yana rubutu ba, bai san abin da gafaka take ɗauke da shi ba. Mutum ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dafa tawadarsa ta bagaruwa da ƙaro, ya tanƙwashe ƙafa ya ɗora takarda a gwiwa, ya zubo izu sittin daga ka, ba littafi a gabansa. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, sai zayyana a kan kowane sumuni da rubu'i. Watanni ake yi. Ba a ɗinke shi, falle-falle yake, shi ya sa marubuci ke ajiye kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan wanda ya gama, don ko iska ta watsa a iya jerawa. Tsofaffin ciki ma, in ka ɗaga takardar ga rana za ka hango jinjirin wata uku a jere, alamar masana'antun Italiya, takardar da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita. Kowane alaramma da yadda yake jan wutsiyar harafinsa, ɗansa kuwa yana gane wannan jan kamar yadda yake gane tarin ubansa a bayan katanga. Wannan ne yaro yake cewa a kawo waya ya tura.

Kuma ba Alƙur'ani kaɗai ba. Duk gidan malamai a ƙasar nan akwai Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da suka sha hannu har gefensu ya yi baƙi. Tsakanin layuka ga fassarar da malami ya bayar a zaure, an rubuta da ƙananan baƙaƙe, wani wurin Larabci, wani wurin ajami. A fallen ƙarshe kuwa nan ne rajistar gida: ranar da aka haifi wane, watan da wance ta tare, shekarar da fari ya hana shuka. A ƙauyen da haihuwa ba ta biyo ta asibiti ba, wannan falle shi ne takardar shaida. In ya ƙone, zuriya guda ta rasa lissafin kanta.

Ni ma ina da nawa, na boko. Magana Jari Ce ce, littafi na biyu, kyautar da na samu a firamare. Bangon ya tafi tuntuni, mahaifiyata ta yanko kwalin sukari ta ɗinke mini da zaren kaba-kaba irin na ɗinkin buhu, akwai kuma tabon manja a tsakiya wanda na san ranar da ya ɗiga. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina kafin a ɗauke shi zuwa Zariya ya rubuta littattafan nan uku da suka fara fitowa a 1937, saboda haka mu Katsinawa muna da haƙƙin yin tinƙaho da shi. Sabon bugu yana nan a kasuwa, na saya wa yara, amma nawa ba ya fita ɗakina. Dalili kuwa kun sha ji a nan: masu aron littafi. Ruwan Bagaja nawa, wani abokina ya ara a 1988, "kwana biyu kawai", yau yana da jikoki. Mutumin da ba zai iya riƙe maka naira ɗari ba tare da ya kasa barci ba, shi ne zai danne maka littafi ya gaishe ka da fara'a a masallaci. Zan ci gaba da faɗa har ya ji kunya.

Na yarda waya ta kai karatu inda jaki bai kai ba. To amma a gaya wa mutumin Sabuwa wannan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni waya ba ta da amfani sai haska hanya da dare. Kafin nan, bayan an kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an sako 344 bayan kwana shida, amma makarantun kwana rufe su aka yi. Yaron da aka mayar gida, ba makaranta, ba layi, me ya rage masa in ba tsohon littafin yayansa ba? Kuma in ɓarayin daji suka tare hanya, wayar suke fara karɓa.

Abin da ke tafasa mini jini shi ne babu mai ƙirga wannan asara. Kwamitin jaje ya zo, a rubuta shanu nawa, gidaje nawa, a raba shinkafa da tabarma, a ɗauki hoto, a koma. Ban taɓa jin an tambayi mai gudun hijira ko ya tsira da littattafansa ba. A Tumbuktu, da masu bindiga suka kama garin a 2012, Abdel Kader Haidara da iyalan garin suka zuba rubuce-rubucen kakanninsu a akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a kwalekwale, suka kai Bamako. Duniya ta tafa musu, mu ma muka tafa. Mu da ke cika baki da hasumiyar Gobarau da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani a kowane taro, gafakar malamin ƙauye tana ƙonewa a bakin dajinmu, ko a jikinmu. Masu digiri a tarihi da Larabci, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta Dutsin-Ma, ga Gidan Arewa a Kaduna da ya san aikin adana irin waɗannan takardu: abin da ya tsira yana nan a buhunan 'yan gudun hijira a Funtuwa da Ɗandume da Malumfashi, gara da ɗigon damina suna jiransa. Ku tura ɗalibai su bi gida-gida su ɗauki hotonsa, ku bar wa masu shi abinsu. Wannan bai kai kuɗin shayin taro guda ba.

Shi kuwa ɗan ƙanen nawa, hukuncin da na yanke masa shi ne na ɗauko Risalar kakansa na ce tunda ya iya waya, ya ɗauki hoton kowane falle. Ya wuni yana yi yana tsaki. Gab da magariba ya iso fallen ƙarshe, ya ga layukan ajami guda tara a jere, ya tambaya mene ne. Na ce na shida ranar haihuwar ubansa ce. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya kasa. Shekara huɗu a jami'a, sai da ya miƙo mini ya ce, "Baba, karanta mini."