Tsadar Mota Ba Ita Ce Lafiyarta Ba

'Yan'uwa matasa, musamman na Toranke da sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu da tashoshinmu, wadda ya kamata mu tsaya mu auna ta. Da zarar an hango wata dalleliyar mota baƙa wuluk ta taso daga Wudil ta nufo Gaya, sai ka ji ana cewa, "Ai wannan ba ta san gareji ba, mai ita ya huta da bakanike." Wato a ganinmu yawan kuɗi shi ne lafiyar mota. To, ba haka abin yake ba, kuma su kansu masu ƙera motocin sun fi kowa sanin haka.

Ga misali. A shekarar 2024 kamfanin Toyota ya yi kiranye ga motoci kimanin 102,000 a Amurka, ƙirar Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023. Ita LX 600 ɗin nan tana cikin motocin alfarma da manyanmu ke rububinsu. Mene ne laifinta? Burbushin ƙarfe ne aka bari a cikin injin tun daga masana'anta. Sai ya bi baƙin mai ya riƙa cin injin ta ciki, har wata rana ya buga, ko motar ta mutu ana tsakiyar gudu a kan titi. A ƙarshe kamfanin ya ɗauki nauyin sauya wa masu motocin injin sukutum, kyauta. Sabuwar mota ke nan fil a leda, daga kamfanin da duniya ta shaida da ƙarko.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne. A ƙarshen 1989, watanni kaɗan da fitowar Lexus LS 400, sai da aka kira dukkan waɗanda aka sayar a Amurka, kimanin 8,000, don a yi musu gyara. A 1997 wata sabuwar ƙaramar Marsandi ta kife a wajen gwaji a ƙasar Suwidin, har kamfanin ya dakatar da sayar da ita sai da ya gyara ta. Dalili a fili yake. Duk sabuwar ƙira tana zuwa da sababbin na'urori da ba su daɗe a kan titi ba, kuma a jikin motar alfarma ake fara zuba su. Gwargwadon yawan na'ura, gwargwadon yawan abin da zai iya lalacewa.

To amma ya kai ɗan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. A can, idan aibi ya bayyana, kamfani zai rubuto wa mai mota wasiƙa, ya gyara ba ko sisi. A nan fa? Da yawa daga motocin da ke shigowa ƙasar nan ta hannun 'yan kasuwa suke biyowa, daga Kwatano ko Dubai ko Amurka, sun ratsa hannu uku ko huɗu. Kamfanin bai san da zaman mai ita ba, balle ya neme shi. Ranar da injin ya buga a hanyar Ajingi, bakaniken gari zai buɗe ya duba ya rufe, domin ita sai an jona mata kwamfuta take faɗin ciwonta. Sai janwe zuwa Kano, sai jiran kayan gyara daga waje makonni, sai kuɗin da zai ishi magidanci noman shekara. Ƙara da ƙurar hunturu, da ramukan damina, da irin man da muke sha. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da NNPC da bakinsa ya yarda cewa an shigo da gurɓataccen fetur daga Beljiyam, wanda ya lalata motocin mutane.

Iyayenmu sun san wani abu da muke neman mantawa. Peugeot 504, wato Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta yi suna ne don kowane bakanike ya san cikinta, kuma duk abin da ta nema akwai shi a Ƙofar Ruwa. Amincin mota abu uku ne: ƙirarta, hanyar da take bi, da wanda zai gyara ta kusa da kai.

Wani zai ce, "Mai kuɗi ne da kuɗinsa, ina ruwan talaka?" Da ruwansa mana! A 2023 jaridu sun ruwaito cewa an saya wa 'yan majalisar wakilai su 360 manyan motoci, kowace a kan kimanin naira miliyan 160, kuma hujjar da wasunsu suka bayar ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau. Subhanallahi! Ashe sun san hanyoyin sun lalace, amma maimakon a gyara hanya kowa ya amfana, sai aka sayi motar da za ta tsallake ramin da talaka ke faɗawa da babur ɗinsa.

Saboda haka ga shawara. Wanda Allah ya hore wa, ko wanda maigidansa ya aika ciniki, kada ƙyalli ya ruɗe shi. Ya nemi takardar garanti a rubuce, ya sa a duba lambar shasi a intanet ko an taɓa yi wa motar kiranye, ya kuma tambaya wa zai gyara ta a Kano kafin ya biya. Dillali kuma ya ji tsoron Allah, domin mun karanta a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Ku kuwa 'yan'uwa masu koyon kanikanci, zamanin kafireta da guduma yana wucewa. Ku haɗa sifana da ilimin wayarin da na'urar gano ciwon mota, domin nan da 'yan shekaru waɗannan motocin ne za su tsufa su cika garejinku, kuma wanda ya shirya shi zai ci abinci da su.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya tsare mu daga asara. Wassalam.